Bawul a huhu ga mai emfisima mai tsanani: wa ake karɓa, wa ake mayarwa?

Ummu Yasir:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so masu sani su warware mana maganar bawul ɗin da ake sa wa a huhu. A ɗauki misali: namiji mai shekara 66, emfisima mai tsanani (ciwon da ke lalata jakunkunan iska na huhu), FEV1 ɗinsa, wato awon ƙarfin huro iska, kashi 29 cikin 100 na abin da ya dace da irinsa, ya bar taba wata biyar ke nan, yana kan abin shaƙa mai haɗin magani uku, amma wanka kaɗai sai ya zauna ya huta. Me ake dubawa kafin a ce ya cancanta? Kuma me ya sa ake mayar da mutane da yawa alhali kowa na ganin suna shan wahala?

Likitan Ƙirji:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tsananin wahalar mutum ba shi ne ma'auni ba, kuma nan ne iyalai suka fi jin ciwo. Abin da ake tambaya shi ne: hakin nan, iskar da ta maƙale ce ke jawo shi? In ita ce, akwai sashe ɗaya na huhu da za a iya rufewa ya motse?

Emfisima tana cinye bangon ƙananan jakunkunan iska, huhu ya saki kamar tsohuwar roba. Iska ta shiga, wajen fita ƙananan hanyoyi su rufe a kanta. Huhu ya kumbura ya danne tantanin nan da ke raba ƙirji da ciki, wanda shi ne babban injin numfashi, ya miƙe shi ya hana shi aiki. Shi ya sa mai ciwon ke cewa ƙirjinsa a cike yake amma iska ba ta isarsa.

Bawul ɗin ɗan ƙaramin abu ne da ake shigarwa ta baki da bututu mai kyamara, ba yanka. Aikinsa kishiyar bawul ɗin taya ne: yana barin iska da majina su fito, ba ya barin iska ta koma. Akan sa kamar uku zuwa biyar a toshe duk rassan sashen da ya fi lalacewa. Sashen ya motse, sauran huhu mai ɗan dama-dama ya samu fili, tantani ya koma ya lanƙwasa. Iri biyu ne hukumar FDA ta Amurka ta amince da su a 2018: Zephyr na kamfanin Pulmonx a watan Yuni, mai baki irin na agwagwa, da Spiration na Olympus a Disamba, mai siffar laima.

Mai Awon Huhu:
In ƙara a kan bayanin Likita. FEV1 kaɗai, Hajiya, ba ta buɗe ƙofa. Ita tana nuna yawan iskar da mutum ke iya hurowa a daƙiƙa ta farko, kuma ana son ta faɗa tsakanin kashi 15 da 45, wasu cibiyoyi har 50. To 29 ta shiga. Amma lambar da ta fi nauyi ita ce RV, wato iskar da ke saura a huhu bayan mutum ya huro iya ƙarfinsa. Ana neman kashi 175 ko fiye na abin da ya dace da shekarunsa da tsayinsa. TLC, jimillar cikar huhu, ta wuce kashi 100. DLCO, wadda ke auna yadda iska ke ratsawa zuwa jini, ana son ta kai kashi 20.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. RV ana aunata ne ta hanya biyu: ko a zaunar da mutum cikin akwatin gilashi a rufe, ko a ba shi iskar hiliyom ya shaƙa a lissafa yadda ta gauraye. A mai emfisima, hiliyom ba ta kaiwa lungunan da iska ta maƙale, don haka lambar takan fito ƙasa da gaskiya. Mutum na iya samun 150 ta hiliyom, a ce bai kai ba, alhali a akwati ya haura 200. Duk wanda aka mayar saboda RV, ya duba takardar ya ga da wace hanya aka auna. Sannan a yi awon bayan an shaƙi maganin buɗe hanya, kuma ba a cikin makonnin da ciwo ya tashi ba. A bari ya lafa kamar mako shida.

Abu Hafsa:
Malam, wannan 175 ɗin ai ba wahayi ba ce. Gwajin EMPROVE, binciken da aka yi a kan marasa lafiya da bawul ɗin Spiration, da 150 ya karɓi mutane. Me zai sa a hana mai 165?

Mai Awon Huhu:
Gaskiyarka ce, ba wahayi ba ce, kuma akwai cibiyoyin da ke karɓar mai 150 zuwa 175 idan hotonsa ya nuna sashe ɗaya da ya lalace ƙarara kuma rabon RV da TLC ya yi yawa, misali ya haura kashi 55. Sai dai hankali ya nuna, iya yawan iskar da ta maƙale iya ribar fitar da ita. Mai 165 haɗarin aikin bai ragu masa ba, ribar ce ta ragu. Idan kuma lalacewar ta bazu daidai wa daida a duk huhu, gwajin IMPACT na 2016 da 200 ya yi aiki, ba 175 ba.

Mai Karanta Hoto:
Duk lambobin nan za su iya cika a mayar da mutum saboda abu guda: ɓarauniyar hanya.

Huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu. Tsakanin sashe da sashe akwai shamaki, wani siririn tantani. A mutane da yawa shamakin nan bai cika ba, tun halitta, sai iska ta riƙa ratsawa daga maƙwabcin sashe. Ka toshe ƙofar gaba da bawul huɗu, iska na shigowa ta baya, sashen ba zai motse ba har abada. Zuba ruwa ne a kwando. Gwajin VENT da aka buga a 2010 shi ya koya wa kowa wannan darasi: an sa bawul ba tare da tace masu ɓarauniyar hanya ba, sakamakon ya fito ɗan kaɗan, sai da aka koma aka duba aka ga masu cikakken shamaki ne suka amfana. Daga nan gwaje-gwajen STELVIO a Groningen ta ƙasar Holan da BeLieVeR-HIFi a Landan, duka a 2015, suka fara zaɓe da wannan sharaɗi.

Hoton da ake buƙata CT ne na musamman: yanka siriri, milimita 1 ko kusa da haka, ba ruwan allurar haska jijiya, a ɗauka mutum ya ja numfashi ya cika ƙirji ya riƙe. Hoton da aka yanka milimita 5 ba ya aiki, shamakin ba ya fitowa. Kuma fayil ɗin asali ake so a faifai ko ta intanet, ba rubutaccen rahoto ba, ba hoton da aka ɗauka da waya ba. Ana loda shi a manhaja, StratX ga Zephyr, SeleCT ga Spiration, ta fitar da abu uku ga kowane sashe: girmansa, kason da ya lalace, da cikar shamaki.

A tsarin Zephyr, shamakin da ya kai kashi 95 ana ɗaukarsa cikakke. Tsakanin 80 da 95 sai an gwada da Chartis. Ƙasa da 80 ba a ma wahalar da mutum. Lalacewar sashen da ake hari kuma ana son ta kai rabi a ma'aunin -910 (lambar CT da ake ware lalataccen naman huhu da ita), in da hali ta fi ta maƙwabcinsa da maki 15 ko fiye.

Ummu Yasir:
Na gode Malam. Mene ne Chartis ɗin? Wani hoto ne daban?

Likitan Ƙirji:
Ba hoto ba ne Hajiya. Siririn bututu ne mai balan-balan a kai, ana zura shi ta cikin bututun kyamara zuwa bakin sashen da ake so a rufe. A hura balan-balan ta toshe hanya, ta yadda iska za ta iya fita ta cikin bututun amma ba ta komawa. Na'ura na zana fitar iskar a allo. Idan sashen a rufe yake, layin zai yi ta sauka har ya kwanta cikin 'yan mintuna. Idan ya ci gaba da fita ba ƙaƙƙautawa, to daga wani wuri ake cika shi.

Abin da ya kamata iyali su sani tun kafin ranar: galibi Chartis da sa bawul a zama ɗaya ake yi, mutum na barci. Don haka yana yiwuwa a shiga da shi ɗakin aiki, ya farka a ce ba a sa komai ba. Wannan ba kuskure ba ne, gwajin ne ya yi aikinsa.

Mai Karanta Hoto:
Likita, ni ina ganin idan manhaja ta ba da 98 ko 100 a shamakin hagu, Chartis ƙarin lokaci ne kawai. Spiration ma da hoto kaɗai take aiki, shamaki kashi 90.

Likitan Ƙirji:
A hagu ba zan yi gardama sosai ba. A dama kuwa zan yi. Sashen sama na dama yana iyaka da shamaki biyu, kuma ƙaramin da ke tsakaninsa da sashen tsakiya shi ne ya fi kowanne yawan zama da giɓi. Sau da yawa mafita ita ce a rufe sama da tsakiya tare, a gwada su a matsayin abu ɗaya. Tunda an riga an sa mutum barci, bututu na ciki, mintuna kaɗan ba su kai asarar sa bawul huɗu a sashen da ba zai motse ba.

Shi ma Chartis yana yaudara. A sassan ƙasa, hanyar iska kan rufta da zarar an toshe, layi ya faɗi nan take kamar ba ɓarauniyar hanya, alhali rufewa ce kawai. Idan aka ga layi ya mutu cikin daƙiƙu ba a hankali ba, sai a koma a auna maƙwabcin sashen. Majina a bakin bututu, ko balan-balan da ba ta kama bango da kyau ba, duk suna ɓata karatu.

Mai Horar da Numfashi:
Kun yi nisa cikin na'urori, ku bari in dawo da ku ƙasa. Kafin a kai ga CT ma akwai abin da ke hannun mai ciwon.

Ana so ya kammala shirin horon numfashi da motsa jiki, mako shida zuwa takwas, aƙalla sau biyu a mako ƙarƙashin kulawa. Ba don cika takarda ba. Wani hakin na raunin cinyoyi ne, ba na huhu ba: mutum ya shekara biyu a kujera, tsoka ta narke, taku goma sai haki. Bawul ba ya gina tsoka. Sannan wanda zai iya fuskantar fashewar huhu bayan aiki yana buƙatar ɗan ƙarfin da zai jure.

Gwajin tafiyar minti shida shi ne ma'auni. A doguwar baranda mai mita 30 ake yi, ana kai da komo, an yarda a tsaya a huta amma agogo ba ya tsayawa. Gwajin LIBERATE na bawul ɗin Zephyr ya karɓi masu mita 100 zuwa 500. Ƙa'idar hukumar lafiya ta NICE ta Ingila ta 2018 ta ce a duba yiwuwar rage girman huhu ga wanda ya gama horon, FEV1 ƙasa da kashi 50, ba ya shan taba, kuma yana iya tafiya mita 140. Wanda ya kasa mita 100 yau ba a rufe masa ƙofa ba, a koma horo a sake aunawa. Wanda kuma ke wuce 500 a cikin minti shida, a tambaye shi da kyau ko ribar ta kai haɗarin.

A kuma duba yadda yake shaƙar maganinsa. Mai FEV1 29 sau da yawa ba shi da ƙarfin zuƙar irin na gari, maganin a baki yake tsayawa. Sauya masa zuwa na feshi da mazubi kan rage haki kafin a je ga wata magana.

Sista Ɗakin Ƙirji:
Batun taba, Hajiya Ummu Yasir, wata biyar ya wuce mafi ƙarancin da ake nema, wato wata huɗu, ko da yake wasu cibiyoyi shida suke so. Ba da baki ake karɓa ba, ana auna kotinin, sinadarin da nikotin ke komawa a jiki, a jini ko fitsari. Wanda ke manna filastar nikotin ko tauna cingam ɗinta, kotinin zai fito ko da bai taɓa sigari ba. Ya faɗa tun farko don a auna kabon monoksaid a numfashi ko a jini maimakon haka. Shisha da sigarin lantarki duk a lissafi suke.

Abu Hafsa:
To ku faɗi gaskiya game da haɗarin. Ana tallata abin kamar cire haƙori.

Likitan Ƙirji:
Ba cire haƙori ba ne. A LIBERATE, mutum 190 aka ɗauka, 128 aka sa wa bawul. Bayan shekara ɗaya, kashi 47.7 na masu bawul FEV1 ɗinsu ta ƙaru da kashi 15 ko fiye, a waɗanda ba a sa wa bawul ba kashi 16.8. Tafiyar minti shida ta bambanta da kusan mita 39. Amma kashi 26.6 huhunsu ya yi yoyon iska cikin kwana 45 na farko, mutum huɗu cikin 128 ɗin kuma suka rasu a wannan tsakani. Ka ga fiye da rabi ba su kai wancan ma'auni na kashi 15 ba, bayan duk tacewar da muka lissafa.

Dalilin yoyon: sashen da aka rufe ya motse da sauri, maƙwabcinsa ya miƙe don cike gurbi, shi ma ba lafiyayye ba ne, sai wani bororo ya fashe ko tsohon tabo da ya manne da bangon ƙirji ya yage. Iska ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari. Mafi yawa a kwana ukun farko yake faruwa, shi ya sa ake kwantar da mutum aƙalla dare uku ko da yana jin garau.

Sista Ɗakin Ƙirji:
A kwanakin nan kayan sa robar ƙirji, mai fitar da iskar da ta taru, a gefen gado suke kwana. Ana ɗaukar hoton ƙirji jim kaɗan bayan aiki, a sake bayan 'yan sa'o'i, sannan kullum. Alamar da ba a jira da ita: ciwon ƙirji mai suka a gefen da aka yi aiki, haki da ya ƙaru farat ɗaya, oksijin na sauka, ko fatar wuya da ƙirji ta kumbura tana ƙaras-ƙaras in an taɓa. Ana ba da maganin tari da na laushin bayan gida don kada a yi yunƙuri. Idan an sa roba iska ta ƙi tsayawa har kwana bakwai, akan cire bawul ɗaya don sashen ya ɗan sake cika ya toshe ɓarakar. In ta ƙi bayan kwana biyu, a cire duka. Bayan mako shida ko fiye ana iya mayarwa.

Shi ya sa ake tambayar wa zai kwana da mutum a gida makonnin farko, da nisan gidansa da asibitin da ke iya sa robar ƙirji cikin dare. Wannan ma cikin cancanta yake, ko da ba a rubuta shi da lamba ba.

Abu Hafsa:
Na sha jin ana cewa yoyon ma alama ce mai kyau, wai yana nuna bawul ya kama.

Likitan Ƙirji:
Rabin gaskiya ce. Yakan zo ne ga wanda sashensa ya motse sosai, kuma waɗanda suka warke daga shi galibi suna samun riba kamar sauran. Amma ba abin da za a yi wa murna ba ne. Mai DLCO 18 da ɗaya huhun ma ya lalace, ba shi da ajiyar da zai jure huhu guda ya kwanta. Don haka wajen zaɓe ba sashen da za a rufe kaɗai ake kallo ba, ana kallon wanda za a bari, a tambaya: wannan zai riƙe shi?

Likitan Tiyata:
Ranku ya daɗe, kun bar mai ɓarauniyar hanya a tsaye a bakin ƙofa kamar ba shi da wurin zuwa. Tiyatar rage girman huhu ba ruwanta da shamaki, yanke lalataccen wurin ake yi. Gwajin NETT na Amurka, mutum 1,218, an buga 2003, ya nuna masu lalacewa a saman huhu da ƙarancin ƙarfin motsa jiki sun fi tsawon rai da tiyata. Shi ne kuma ya nuna waɗanda bai kamata a taɓa ba: FEV1 kashi 20 ko ƙasa, haɗe da DLCO 20 ko ƙasa ko lalacewar da ta bazu ko'ina. Waɗannan kashi 16 suka rasu cikin kwana 30. Asalin wannan iyaka ta 20 da kuke ta ambata ke nan.

Ga wanda ya dace da duka biyun, gwajin CELEB na Birtaniya da aka buga a 2023, mutum 88, bai ga bambanci mai ma'ana ba bayan shekara. Tiyata ta fi daɗewa a gado, bawul kuma ya fi yawan komawa a gyara.

Likitan Ƙirji:
Ban musa ba Yallaɓai, sai dai bawul ana cire shi, abin da wuƙa ta yanke ba ya dawowa. Kuma mai lalacewa a sashen ƙasa, kamar masu ƙarancin alfa-1 antitirifsin, sinadarin jini mai kare huhu, bawul ya fi musu sauƙi. Tunda an ambata: duk mai wannan ciwo ya kamata a gwada masa alfa-1 sau ɗaya a rayuwa, musamman wanda ya kamu da ƙuruciya ko bai sha taba sosai ba.

Likitan Tiyata:
Shi ya sa ba likita ɗaya ke yanke hukunci ba. A zauna da likitan ƙirji, mai tiyata, mai hoto da mai horo a kan fayil ɗaya. Cibiyar da bawul kaɗai take yi, kowa bawul za ta gani a jikinsa. Wanda shekarunsa da lafiyarsa suka ba da dama kuma a yi maganar dashen huhu tun da wuri, bawul ba ya hana dashe daga baya.

Ummu Yasir:
Ban da shamaki da lambobin numfashi, me kuma ke sa a ce a'a?

Likitan Ƙirji:
Zuciya ce ta farko. Ana yin hoton eko, wato sikanin na zuciya: idan ƙarfin bugun ɓangaren hagu ya gaza kashi 45, ko matsin jijiyar huhu ya haura 45, sai an ƙara bincike, wani lokaci da zura bututu zuwa zuciyar dama, don eko a kumburarren ƙirji ba ya gani sosai. Bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya, cikin wata shida da suka wuce yana sa a dakata.

Sai jinin jijiyar wuyan hannu, a ɗauka ba tare da oksijin ba: kabon dayoksaid sama da 50, ko oksijin ƙasa da 45, sun fita daga sharaɗin LIBERATE. Ku lura, amfani da oksijin a gida shi kaɗai ba ya hana mutum.

Sai kaki. Wanda ke fitar da fiye da cokali huɗu na cin abinci a rana, ko hoto ya nuna hanyoyin iska sun buɗe sun zama matattarar majina, bawul zai zame masa wurin taruwar ƙwayoyin cuta. Haka wanda aka kwantar sau biyu ko fiye a shekara saboda tashin ciwo: a fara kwantar da wannan tukuna. Maganin firednisolon fiye da miligiram 20 kullum, ma'aunin ƙiba na BMI sama da 35, bororon iska da ya cinye kusan sulusin huhu, tiyatar da aka taɓa yi a wannan gefen, taurin huhu, da rashin jituwa da nikel, titaniyom ko silikon. Idan an ga ƙullutu a hoto, sai an san ko mene ne, domin sashen da ya motse ɓoye shi zai yi. Mai shan maganin tsinka jini sai likitan zuciya ya yarda a tsayar na 'yan kwanaki.

Mai Karanta Hoto:
A ƙara da tsohon tarin fuka. Tabonsa a saman huhu yake zama, daidai inda aka fi son sa bawul, kuma yakan manne huhu da bangon ƙirji. Manne mai kauri ko ya hana sashen motsewa ko ya yage. Ba kowane tabo ke hanawa ba, amma a faɗa, a kuma gwada kaki a tabbatar ba mai rai ba ne. Wanda ciwonsa daga hayaƙin itace ne kuma, sau da yawa hanyoyin iska ne suka ƙuntata, naman huhun bai ruɓe sosai ba. FEV1 na iya zama 30 amma hoto bai nuna sashen da za a rufe ba.

Idan sassa biyu sun yi kunnen doki wajen lalacewa, ana yin hoton zagayawar jini a zaɓi wanda jini ya fi ƙaranci a cikinsa. Rufe sashen da ke karɓar jini da yawa zai sa oksijin ya faɗi.

Abu Hafsa:
In an sa, an wuce kwana ukun lafiya, shi ke nan?

Likitan Ƙirji:
A'a. Ana sake CT bayan mako huɗu zuwa shida a ga ko sashen ya ragu. Ragin mililita 350 shi ne mafi ƙarancin da ake ɗauka a matsayin nasara, ko da yake an fi son ya motse gaba ɗaya. In bai ragu ba, galibi bawul ɗaya ne ya karkace, ko an tsallake wani ɗan reshe, sai a koma a gyara. Daga baya kuma nama kan tsiro a gefen bawul ya hana shi rufewa, ko majina ta daskare a bakinsa, ko ya gusa. Wanda ya ji sauƙi wata takwas sannan haki ya dawo, kada a ce ciwon ne ya ci gaba sai an duba bawul ɗin. Emfisimar tana nan, magungunan shaƙa da rigakafin mura da na nimoniya da motsa jiki duk suna ci gaba.

Ummu Yasir:
Allah ya saka da alheri. To a misalin da na kawo, da me za a fara?

Mai Awon Huhu:
Da akwatin gilashi, Hajiya, don shi ya fi sauƙi kuma shi ke yanke magana da wuri. In RV ta fito 140, an huta da sauran. In ta haura 175, a nemi CT mai siririn yanka a karɓi fayil ɗin, a shiga horo a lokaci guda don kada a ɓata wata biyu ana jira. Eko da jinin wuyan hannu su biyo baya. Cibiyoyi da yawa ba sa karɓar awon da ya wuce wata shida zuwa shekara, don haka kada a tara su a warwatse, na farko ya tsufa kafin na ƙarshe ya fito.

Sista Ɗakin Ƙirji:
A haɗa da jerin magunguna da adadinsu, ranar da aka bar taba, da ranakun duk kwanciyar asibiti da duk zagayen firednisolon ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na wata goma sha biyu da suka wuce. Wannan na ƙarshen shi ne iyalai ba sa riƙewa, kuma shi ake fara tambaya. In an sa bawul ana ba da kati mai nuna iri da adadi da wurin da suke, a riƙa yawo da shi, a nuna kafin a shiga na'urar MRI. In wata rana aka yi tari bawul ya fito, a sa shi a kwalba a kawo, daga girmansa ake gane reshen da ya baro.